Gindin Auduga Bakwai da Na Tuge

Ɗaya daga cikin ɗaliban aikin gona da kan zauna hira a dakalin ƙofar gidana a unguwar Gabukka cikin Gombe ya ce min, cikin raha, aikin da muka yi a gonar gwaji ai jan igiya ne da rubuta lamba, kowa ma zai iya. Wani kuma ya ce a harkar bincike mai ƙwaƙwalwa ne ke yin gaba, wanda ya tsaya wuri ɗaya shi ya so. Ban ba su amsa a lokacin ba, don ni ba mai saurin amsa ba ne, sai magana ta kwana biyu nake samun abin cewa. To ga shi na rubuta. Na bi shi sau biyu, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Sunana Bukar. Shekara talatin da 'yan kai na yi a gonar gwajin auduga da ke bayan Kagarawal, lokacin wurin duk gonaki ne da daji. Ban nemi aikin ba. Na gama aji bakwai na firamare ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, ina taya kawuna kai gishiri da kanwa kasuwannin ƙauye. Wata rana ruwa ya kama ni a hanya, na ɗaure jakina na fake a rumfar kwano da ke bakin gonar. A ciki na tarar da wani Bature da wani dattijo Bafillace suna fama da 'yan jakunkunan iri. Malamin da ke karanta musu lamba zazzaɓi ya kwantar da shi, Baturen kuma ya baro tabaransa a gida. Dattijon ya tambaye ni ko na yi boko. Na yi ta karanta musu lambobi har ruwa ya ɗauke. Akwai jaka ɗaya da lambar cikinta ta saɓa da ta waje, na tsaya na nuna musu, Baturen ya ce in dawo ran Litinin. Cikin waɗanda muka gama aji bakwai tare akwai waɗanda suka fi ni kai nesa ba kusa ba. Su ruwa bai kama su a bakin wannan rumfar ba.

Dattijon nan shi ne Malam Hamma, shugaban ma'aikatan gonar. Da ya ji ni Babarbare ne ya ce ya gode Allah, an kawo masa bawa har gida. Ni kuma da muka saba nakan ce masa Bafillacen da ya bar saniya ya kama fartanya ai shi ne abin tausayi. Bawana yake kirana, ni ina ce masa Baffa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne jan igiyar da kuke wa dariya. Igiyar rama ce mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ramin shuka ɗaya. Na ja, na kafa turaku, leburori suka shuka fili guda. Da la'asar ya zo da sandar awo ta ƙarfe ya aza tsakanin ramuka, ya ce in kira leburori mu tone. Ashe igiyar rama in ta sha raɓa takan ƙanƙance, in rana ta buge ta sai ta saki, don haka shukar safe ta fi ta rana matsuwa. A gonar mutum wannan ba komai ba ne. A gonar gwaji kuwa, in wani iri ya fi wani kyau ba za ka san ko irin ne ya fi ba ko fili ya fi samu. Tun daga ranar ban sake jan igiya ba sai na gwada ta da sandar ƙarfe, da safe da kuma bayan azahar.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai alamun kwano da muke buga wa lamba da ƙusa, da sikeli mai ƙugiya, da gilashin duba ƙwari da ake ratayawa a wuya, da littafi, da fensir. Ba ma rubutu da tawada a gona, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya cinye aikin mako. Ranar awon tsawon auduga za ka ɗauki angurya ɗaya da audugarta a jiki, ka taje ta da ɗan matsefi a kan allo mai baƙin karammiski har ta baje kamar fukafukan malam buɗe littafi, sannan ka auna. In ka ja da ƙarfi ta tsinke, ka yi wa iri mai kyau ƙazafin gajarta.

Ɗaurin fure ya fi komai cin baya. Furen auduga da safe yake buɗewa, fari mai ɗan rawaya, washegari ya koma ja ya faɗi. In ya buɗe ƙudan zuma ya shiga ya fito ya faɗa na wani iri, shike nan iri ya gauraya, aikin shekaru ya tafi. Don haka da la'asar sakaliya za ka bi kunya a duƙe, ka nemo furen da zai buɗe gobe, ka ɗaure bakinsa da zare. Ba da ƙarfi ba kada ka yanke shi, ba sako-sako ba kada ya kwance. Sai ka rataya wani zaren a wuyansa don ka gane ƙwallonsa ranar tsinka. Ni nakan koma in sake bin kunyar daga ƙarshe zuwa farko, ko na tsallake wani.

Wannan komawar ce ta sa Yohanna ya raɗa min Malam Sau Uku. Yohanna Batangale ne daga wajen Kaltungo, ya zo bayana da shekara biyu, shi ma aji bakwai ya gama. An raba mana gonar, ni ɓangaren gabas, shi na yamma. Hannunsa da sauri, yana aiki yana waƙar coci, littafinsa duk man ƙosai. Ba malalaci ba ne, kada a ce na ce haka. Amma in ya ƙirga tsutsa sau ɗaya ya gama, in na ce mu sake sai ya ce tsutsar ba ta haihu ba tsakanin ɗazu da yanzu. Gwangwanin awon ruwan sama kullum ake duba shi da ƙarfe bakwai na safe, ba Lahadi ba Sallah. Ni nake duba masa ran Lahadi da Kirsimeti, shi yake duba min ranakun Sallah. Ba mu taɓa rubuta wannan a takarda ba, ba mu kuma taɓa saɓawa ba.

Manoma su ne abokan cinikinmu, ko da yake ba sayar musu muke yi ba. Irin da ya ci gwaji shi ake yaɗawa a raba musu. Ranar da aka tara su ganin gona, ni ake sa wa in yi bayani. Na taɓa ce musu a shuka auduga da ruwan farko, don haka littafinmu ya nuna. Wani tsoho ya bari na gama, ya ce ya ji, amma mu albashi ke ci da mu, shi kuwa dawa ke ci da iyalinsa, sai ya gama da dawa zai waiwayi auduga. Ya ce audugarmu 'yar gwamnati ce, ana mata noma huɗu ana mata feshi, in ta zo gonarsa sai ta koyi wahala. Aka yi dariya. Na rubuta maganarsa a bayan littafi na nuna wa Bature, ya ce tsohon ya fi mu gaskiya, amma ba a sake komai ba.

Yanzu sai batun bare. Bare shi ne tsiron da ya fito a kunya bai yi kama da 'yan uwansa ba, ko a ganye ko a kara ko a tsawo. Dokar gona ita ce duk bare a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi, a ƙone, a rubuta. Dalilin a fili yake, in aka bar shi zai ɓata irin da za a raba wa dubban manoma. A shekarata ta uku Bature ya tarar da bare biyu sun yi fure a ɓangaren wani ma'aikaci mai 'ya'ya huɗu. A gabana ya karɓi littafinsa da gilashin wuyansa. Na ga mutumin bayan wata biyu yana dako a tashar jirgin ƙasa, ya kau da kai, ni ma na kau da kai. Daga nan na zama mai farautar bare. Malam Hamma yakan ce ko tsiro ya yi tunanin bambanta a ransa, bawansa zai gane.

Da kuɗin fetur suka fara shigowa Bature ya riga ya tafi. Ma'aikata suka fara zamewa, wannan ya zama malamin ɗan kwangila, wancan ya koyi tuƙin tifa. Motar gona ta hau kan duwatsu ba a sauke ta ba. A cikin wannan hali takarda ta zo cewa an ba gonarmu gurbi ɗaya na karatun shekara biyu a Zariya, wanda ya gama zai dawo da muƙami, hanya ta buɗe masa har sama. Takardar ta ce daga bana ba za a ƙara ɗaukar mai aji bakwai ba, sai mai sakandare. Wato ni da Yohanna, wanda bai samu yanzu ba ya rasa har abada. Malam Hamma ya sa sunana. Ya gaya wa Yohanna a gabana cewa na riga shi zuwa kuma littafina ya fi nasa tsabta, Yohanna ya ce gaskiya ne, ya miƙo min hannu. Abin da ya rage kawai jami'i ya zo daga Zariya wajen ƙarshen damina ya ga gona ya sa hannu.

Wannan daminar ita ce ta babban fari. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku yadda shanu suka yi ta gangarowa daga arewa ƙashi da fata. Ni abin da na sani shi ne gwangwanin awo. Safiya bayan safiya ina ɗaga shi ina juyawa, ina rubuta sifiri. Audugarmu ta tsaya a gwiwa. Sai wasu ƙananan ƙwari koraye masu tsalle suka sauka a bayan ganye suna tsotsa, ganye ya nannaɗe, gefensa ya yi ja, ya zube. Maganin feshi bai zo ba a shekarar. Ana cikin haka aka aiko wa Malam Hamma cewa shanun gidansu na faɗuwa a wajen Dukku, ya ɗauki izini ya tafi, ya bar mu mu biyu.

Wata Litinin ina bin kunya ta sha huɗu a ɓangarena na ga tsiro bakwai a jere kusa-kusa, kore shar, a tsakiyar 'yan uwansu da suka ƙone. Na duƙa na shafa ganyen, gashi ne a jikinsa kamar kunnen ɗan akuya. Karan ja ne. Na juya ganye na sa gilashi, ƙwaro ɗaya na gani, na maƙwabcinsa kuwa ba ya ƙirguwa. Da suna ƙanana ban bambance su ba, sai da fari ya kwantar da sauran suka fito fili. Bare ne, ba shakka, sun kuma fara ƙunshin fure. Doka ta ce in tuge. Na kama na farko na sake shi. Na je na kira Yohanna.

Ya tsuguna ya daɗe yana shafa ganyen, ya daina waƙa. Ya ce duk gonar nan su kaɗai ne ba su ji labarin fari ba.

"Malam Sau Uku, kada ka taɓa su," in ji shi. "Ɗaure musu fure kawai, ba abin da za su ɓata. Me ma ya rage a nan da za a ɓata?"

Na ce doka fa? Ya ce mai dokar yana ƙasarsu yana shan shayi.

Na bi shawararsa rabi. Kwana tara ina zuwa da la'asar ina ɗaure musu fure, har ƙwallaye ƙanana suka fara fitowa. Amma ban rubuta su a littafi ba, don in na rubuta na kafa wa kaina shaida cewa na ga bare na bari. Shekara goma sha ɗaya ina aiki, ban taɓa ganin abu a gona na ƙi rubutawa ba sai wannan. Kullum in na buɗe littafin sai in tsallake shafin kunya ta sha huɗu da sauri.

Ran Talata saƙo ya zo cewa jami'in zai iso ran Alhamis. Ran Laraba da safe na je kunyar na dawo, na sake zuwa na dawo. Abin da nake gani kawai shi ne jami'i tsaye a kan bare bakwai masu fure, da zarena a wuyansu, yana miƙo hannu in ba shi littafi. Yohanna ba ya nan, matarsa ta haihu a gida, mako uku ke nan yana kai da komo a motar kasuwa. Bayan azahar na ɗauki fartanya. Na so in tuge da hannu, suka ƙi. Sai da na haƙa, saiwar kowanne ta nutse ta fi tsawon hannuna, a ƙasar da ta bushe kamar dutse. Na tsaya ina kallon saiwar ta farko, na san ban taɓa ganin irinta ba, na kuma ci gaba da haƙa. Na kai su bayan rumfa. Ɗanyu ne, suka ƙi kama wuta, sai da na zuba kananzir. Ƙwallayen ba su nuna ba, ko da na so ajiye iri babu abin ajiyewa. Na wanke hannu na rubuta: bare bakwai, an tuge, an ƙone.

Ran Alhamis mota ta tsaya, wani saurayi ya fito da takalmin roba da hular kaba. Ɗan ƙasa ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, Dokta ake ce masa. Na miƙa masa littafi da hannu biyu, ya ce in riƙe tukuna. Tambayarsa ta farko ita ce ko akwai abin da ya rayu. Ya ce wata guda ke nan yana zagaya gonakin gwaji yana neman tsiron da ya tsaya wa farin nan, ko wane iri ne, ko bare ne, bare ma ya fi so. Ya ce shekara irin wannan masifa ce ga kowa, amma ga mai neman iri ita ce ke tace masa abin da ba zai iya tacewa da hannunsa ba, kuma mai yiwuwa ba zai sake ganin irinta ba har ya bar aiki.

Muka bi ɓangarena kunya-kunya. Turaku a miƙe, alamu a jere, ba ciyawa ko ɗaya, auduga ta mutu daidai wa daida. Ya ce aiki ya yi tsabta. Muka shiga ɓangaren Yohanna, wanda rabonsa da neman bare tun kafin haihuwar nan. A can ƙarshe, cikin ciyawa, ga tsiro uku masu ɗan kore. Ba su kai nawa ba, Allah ne shaidata, ko rabi. Dokta ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai kyau. Ya tambayi wa ya bar waɗannan. Yohanna ya cire hula, yana zaton korarsa ta zo, ya ce shi ne, ranka ya daɗe. Dokta ya tashi ya kama hannunsa ya yi ta girgizawa.

Har a nan ban gama asara ba, wannan nake so ku lura da shi. Da Dokta ya shiga rumfa shan ruwa, Yohanna ya ja ni baya, ya ga tokar, ya gane.

"Je ka gaya masa," ya ce. "Sauran irin kunyar nan yana sito. In ya ji kamanninsu zai shuka jakar duka ya nemo 'yan uwansu."

Na ce in na faɗa, na faɗa ke nan cewa na bar bare kwana tara ban rubuta ba, littafina ya zama na maƙaryaci, gurbin ya tafi. Ya ce mutumin da ya durƙusa wa bare yanzu shi zai kore ni don bare? Na ce yau ya durƙusa, gobe in ya koma ofis takarda zai duba. Ya ce to shi zai faɗa. Na riƙe masa riga, na haɗa shi da Allah da jaririn da aka haifa masa, sai da ya yi min alkawari.

Kafin Dokta ya shiga mota ya karɓi littattafanmu ya ɗan buɗa. Yatsansa ya tsaya a kan rubutun jiya.

"Malam Bukar, waɗannan bakwai ɗin, yaya kamanninsu?"

Yohanna yana tsaye a bayansa yana kallona. Na ce, "Bare ne, ranka ya daɗe, kamar kowane bare."

Ya gyaɗa kai ya rufe littafin.

Bayan wata ɗaya takarda ta zo da sunan Yohanna. Dokta ya rubuta cewa yana son mai ido. Yohanna ya zo gidanmu ya ce zai ƙi zuwa, na ce in ya ƙi ba ni za a ba ba, gurbin ne zai mutu. Malam Hamma ya dawo ya rasa fiye da rabin shanunsu. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya kira ni da sunana, abin da bai saba ba. Ya ce, "Bukar, na koya maka tugewa, ban koya maka tsayawa ka tambaya ba. Rabin laifin nawa ne." Muka tafi sito neman ragowar irin. Babu. Makiyaya sun yi ta zuwa roƙon angurya don shanunsu da ke mutuwa, an ba da izini a share sito a ba su duk ragowar irin da aka riga aka shuka. Ni na share, da tsintsiyata, mako biyu bayan tafiyar Dokta. Na san jakar na ciki. Ban ware ta ba, don ware ta ma sai an rubuta dalili.

Yohanna ya yi Zariya, ya ƙara karatu, har waje aka tura shi, ya dawo babban jami'i. Ya cancanta, ya yi aiki, ban taɓa jin an kama shi da wani abu ba. Ni na ci gaba da igiyata. Shekara ashirin bayan nan duk baren da na gani sai in ɗaura masa ƙyalle, in ɗaure furensa, in rubuta kamanninsa tun daga ganye har saiwa, in jira mai zuwa daga Zariya. Da farko sukan zo su duba su ce ba komai ba ne. Daga baya suka daina zuwa, manoma suka rage auduga, gari ya ci gonar har gidaje suka hau kunyoyinmu. Saboda haka in kun ce mai ƙwaƙwalwa ke yin gaba, ban ƙaryata ku ba, amma ku ƙara da wanda matarsa ta haihu a makon da ya dace. Ba kuma zan ce sa'a ta tsallake ni ba. Ta zo min ran Litinin, ta dawo ran Alhamis, ta kuma zauna mako biyu a sito tana jira.

Bayan dukanmu mun yi ritaya na je gaida Yohanna a gidansa da ke unguwar Federal Low-Cost, ƙafa ta dame shi. Matarsa ta kawo mana kunun gyaɗa. Yana ganina ya ce a ƙirga kofunan sau uku kafin in tafi. Muka yi dariya, muka yi zancen waɗanda suka mutu. Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, ina labarin tsironsa uku.

Ya ce an yi damina biyar ana gwada su aka watsar. Audugarsu gajera ce, tsohon irin gargajiya ne da ya ɓuya cikin jaka, ba abin da aka samu. Ya ce su suka kai shi Zariya, su kuwa ba su je ko'ina ba. Na ce nawa fa, a ganinsa na wanda ya yi karatu? Ya ce ya duba duk irin da aka tara a can, ya ga mai gashi, ya ga mai jan kara, bai ga wanda ya haɗa su da irin saiwar da na kwatanta masa ba. Mai yiwuwa wani abu ne, mai yiwuwa su ma damina biyar za su yi a watsar. Ba wanda ya sani.

Sai ya ajiye kofi ya ce yana da laifi a wurina. Ya karya alkawarin. Bayan shekara huɗu, suna cikin mota shi da Dokta, ya ba shi labarin duka.

Na ce me ya ce?

"Ya sa direba ya tsaya. Ya ce da ka faɗa masa ranar, da bai bar Gombe ba sai da jakar nan, kuma da ya nemo gurbi na biyu ko daga ina ne. Ya ce mutumin da ya ɗaure wa bare fure kwana tara shi yake nema, ba wanda ya manta da su cikin ciyawa ba. A gabana ya faɗa, bai ji kunyata ba."

Na ce me ya hana shi aiko min? Ya ce lokacin ƙofar masu aji bakwai ta rufe, irin kuma shanu sun cinye, Dokta ya ga ba amfanin tayar min da hankali. Na ce na yafe masa karya alkawarin, shi ma ya yafe min ɗora masa shi. Ya ce shi me zai yafe, shi da ya ci riba.

Dokta ya rasu da daɗewa, ban sake haɗuwa da shi ba tun ranar Alhamis ɗin nan. Ya yi min tambaya ɗaya a kan baren nan bakwai na ba shi amsar da ba ita ba ce, littafin kuma har ya ɓace bai ɗauki gyara ba. To ga amsar, ko wani cikinku zai ci karo da irinsu a gonar wani tsoho. Ganyensu mai gashi ne ciki da baya, karansu ja, saiwarsu ta fi tsawon hannun babban mutum, ƙwari ba sa zama a kansu, kuma a shekarar da komai ya ƙone su kore ne.